Aikin Hannu Mai Sanyaya Zuciya

Jama'a, darasinmu na yau a kan damuwa ne, da wata dabara ta rage ta wadda ba ta cin kuɗi.

Kowa ya san damuwa. Mutum ya kwanta da dare, idonsa biyu har asalatu. Yana lissafin damman geron da suka rage a rumbu. Yana tunanin mai bashi. Tuwo ba ya yi masa daɗi. Yaro ya yi laifi ɗan kaɗan, sai ya hau shi da faɗa.

Ku mutanen Tozai da sauran ƙasar Illela, ba sai an ba ku labari ba. Abincin mutane da yawa a nan yana rataye da bakin iyaka. Cikin watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakoki, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba na 2020. A 2023 kuma, bayan soja sun karɓi mulki a Nijar, aka sake rufewa har Maris na 2024. Ɗan dako, da ɗan kabu-kabu, da mai ɗan kai kaya Birnin Kwanni, duk suka ji a jikinsu. Ga kuma tsoron 'yan bindiga, wanda ya hana waɗansu zuwa gonakinsu na nesa. Wanda ya damu a irin wannan hali ba rago ba ne.

To, me damuwa ta ke yi wa jiki? In ka ga maciji a gabanka, sai gabanka ya faɗi. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya yi sama-sama. Jiki ne ya ke shirin gudu. Akwai waɗansu 'yan tsoka biyu a bisa ƙoda, su ne su ke zuba wani ruwa cikin jini don ya tayar da kai. Likitoci suna kiransa adiranalin. In maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. Amma bashi ba ya wucewa kamar maciji. Yau yana nan, gobe yana nan. Sai jiki ya zauna kullum cikin shirin gudu, ba kuwa wurin zuwa. Daga nan ciwon kai da rashin barci su kan taso, har abin ya taimaki hawan jini.

Ga inda aikin hannu ya shigo. Hankalin mutum ba ya iya riƙe abu biyu sosai a lokaci guda. Mai ɗinkin hula tilas ya ƙirga inda allura za ta shiga da inda za ta fita. In ya tafi tunanin bashi, zanen ya karkace. Saboda haka hankali ya kan saki bashi ya kama zare. Hannu yana kai da kawowa a hankali, numfashi ya bi hannu, zuciya ta bi numfashi. Bayan rabin sa'a sai mutum ya ji wuyansa ya saki.

Mu ɗauki saƙar kaba, don ita ce mafi araha. Kaba ita ce ganyen ƙaramar goriba. A yanko ta, a shanya ta bushe. Sa'an nan a tsaga ta siri-siri, faɗinta ya zo daidai. In za a fara saƙa sai a yayyafa mata ruwa, don busasshiyar kaba karyewa ta ke yi. Mai son ado ya dafa wani kashi da karan dafi, ya fito ja. Shi ne dai rinin da a ke yi wa fatar akuyar Sakkwato. Sai saƙa: ɗaya bisa, ɗaya ƙasa, ɗaya bisa, ɗaya ƙasa. Ta farko za ta fito a karkace, wani wuri faɗi, wani wuri tsukuku. Kada ka warware, ci gaba. Kafin ka yi kamu goma yatsunka sun gane hanya. Daga nan ne daɗin ya ke farawa, sa'ad da ka ce a ranka, bari in sa ja biyu a nan, fari uku a can, in ga yadda zai yi. Wannan shawara taka ce kai kaɗai. Ba ka da iko da ruwan sama, ba ka da iko da buɗe iyaka, amma kana da iko da zanen tabarmarka.

Mata kuwa sun riga maza gane wannan. Dubi tsohuwa mai kaɗi. Ta gurje audugarta, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Da wuya ka gan ta cikin gaggawa. Hakanan mai saƙar faifai da basillarta, da mai zanen ƙwarya, da mai yi wa 'yan mata lalle. Kaɗi ya ja baya yanzu, zaren kanti ya kore shi. A ganina an yi hasara biyu, ta zare da ta natsuwa.

Kada ku ce wannan zancen ƙauye ne kawai. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji da yawa sun koma Ingila jikinsu yana rawa saboda ƙarar igwa. Barci ya gagare su. A asibitoci aka riƙa koya musu saƙar kwando da ɗinkin ado, ƙarti majiya ƙarfi, ga su da allura. Daga baya abin ya zama wani fanni na aikin asibiti, da ma'aikatansa na musamman. A 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya, reshen Turai, ta tattara bincike fiye da 3,000 a kan waƙa da zane da aikin hannu. Ta ce suna taimakon lafiyar jiki da ta zuciya.

Amma ga wani abin lura, shi ne kuwa gindin darasin. Saƙar kasuwa dabam, saƙar hutu dabam. A ce mutum yana saƙa tabarma uku, tilas ya gama kafin Lahadi don ya kai kasuwar Illela ya sayo hatsi. Wannan sana'a ce, tana da kyau, amma ita ma tana da nata tashin hankali. Wadda mu ke magana ita ce wadda ba mai jiranta. Ko manomi ne kai, ko mahauci, ko ma masaƙin, ware abu guda wanda ba na sayarwa ba. Ka yi shi bayan la'asar a gindin itace, ko da dare in akwai fitila. Ran da ka gama, ka shimfiɗa a zaurenka, ko ka ba jikanka. In wani ya gani ya taya, to, riba ce ta zo da ƙafarta.

Wani zai ce, ni ban gāji saƙa ba, ba a yi a gidanmu. To, ai ba cewa aka yi ka bar sana'ar ubanka ba. Tufkar igiya ba ta da gado. Gyaran zana da ɗinkin hula ma haka. Masu iya magana sun ce, da zaman banza gara aikin kishiya. In ka zauna kusa da wanda ya iya, ka sami malami, ka kuma sami abokin hira. Sau da yawa abin da ya yi wa mutum nauyi a baki, ya kan fito da sauƙi in ido yana kan aiki.

Waɗansu samari su kan nemi sauƙi a ƙwaya, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da yinsa a 2018. Wannan bashi ne a kan bashi. Da safe damuwar tana nan, kuɗin sun tafi.

Kaba kuma ba ta maganin kome da kome. In mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin kome, ba ci, ba barci, ko ya fara cewa gara ya mutu, to, ya wuce saƙa. Kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a ɗaure shi. A kai shi asibiti. Akwai babban asibitin gwamnatin tarayya a Kware, kan hanyar Sakkwato, wanda aikinsa ke nan. Mai yawan ciwon kai da jiri shi ma ya je a auna jininsa.

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da abin da ya fara, ko da taƙi ɗaya ne. Malami zai rubuta sunan kowane abu a allo: kaba, igiya, faifai, hula, mazari. Kowa ya kwafi nasa cikin littafinsa, ya sa kwanan wata a gefe.