Darasi: Su Wa Ke Yanka Wa Shanunmu Farashi Daga Waje?

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙasar nan ne da muke ciki, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da yadda hulɗarta da ƙasashen waje take shigowa har cikin aljihunmu. Da yawanmu a nan Miskin da Kilomita Biyar muna ɗauka cewa ciniki tsakanin mai sa ne da mai saye, dillali na tsakiya. Haka ne a ido. Amma kafin a ce "albarka" ko "sallama", akwai waɗanda suka riga suka sa hannu a farashin nan, alhali ko ƙahon saniya ba su taɓa riƙewa ba.

Shanun ma kansu baƙi ne a ƙasar nan. Faransawa sun kafa Bangi a 1889, suka kira ƙasar Ubangi-Shari, suka raba ta ga kamfanoninsu masu neman roba da hauren giwa. Tun kafin su, fataken Hausa suna biyo hanyar Ngaundere su sauka Kunde. Amma garkunan Mbororo sai wajen shekarun 1920 suka fara ƙetarowa daga Kamaru zuwa tuddan Buwar da Bokaranga, daga baya wasu suka zarce Bambari. Kudancin ƙasar daji ne mai tsando, saniya ba ta zama sai da magani, maganin kuwa daga waje yake zuwa. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

An samu mulkin kai ranar 13 ga Agusta 1960, amma kuɗin bai canja ba. Sefar da Faransa ta ƙirƙiro a 1945 ita ce dai a hannunmu, ɗaure da kuɗin Faransa, kuma babban bankin da ke fitar da ita, wato BEAC, yana Yawunde. Shekara da shekaru sefa 50 ita ce faran ɗaya na Faransa, har mutane suka ɗauka abin ba ya motsi. Sai ga Janairun 1994. Shugabanni suka taru a Dakar, Faransa da Asusun Lamuni na Duniya suna matsa musu, aka wayi gari ranar 12 ga wata faran ɗaya ya koma sefa 100.

To, a nan ne darasin yake. Mu ƙaddara falke ya ba mahauci sa bashi a kan jika 100, wato sefa 100,000, ana saura kwana uku a karya kuɗin. Ranar da ya bayar, kuɗin nan faran 2,000 ne. Ranar da aka biya shi, faran 1,000 ne. Mahauci bai ci amana ba, ya ƙirgo kuɗi cif, amma rabin sa ya tafi. Berenil da sauran magungunan sammore suka yi tsalle, haka taya da kayan gyaran mota. Mu da muke samari a lokacin, muna bin shanun iyayen gidanmu, mun ga abin da idonmu: wanda dukiyarsa ke tsaye da ƙafa huɗu ya tsira, wanda ya tara takarda a akwati ko yake bin mutane bashi shi ya ji jiki.

Sai dai abin bai zama sharri zalla ba. Kafin 1994 Turawa suna jibge daskararren nama a biranen bakin teku da arha, domin gwamnatocinsu suna tallafa wa masu fitar da shi. Da aka karya sefa, naman nan ya ninka kuɗi, sai masu saye suka waiwayo shanun gida. Waɗanda ke loda shanu a jirgin ruwa su gangara kogin Ubangi zuwa Barazabil sun ga alheri. Hukunci ɗaya aka yanke a Dakar, ya kwantar da wani ya tayar da wani, gwargwadon abin da ke hannun kowa a daren.

Wani abin da har yau yake kama sababbin shiga shi ne sefa biyu ce. Tamu ta Kamaru, Cadi, Kwango, Gabon, Ikwatoriyal Gini da nan daban, ta Nijar da Binin da sauran ƙasashen yamma daban. A takarda darajarsu ɗaya, tun 1999 kowacce kusan 656 ce a Yuro ɗaya. Amma tun 1993 bankunan biyu suka daina fansar takardun juna, saboda haka wanda ya shiga Maraɗi da sefar Bangi sai ya bi ta hannun ɗan canji, ɗan canji kuwa ba sadaka ya fito yi ba. Naira ita ma nata halin daban, ba a ɗaure take da kowa ba. Da gwamnatin Nijeriya ta sake ta a Yunin 2023, wanda ya sayi shanu da sefa ya sayar da naira ya ga kuɗi tuli a jaka, da ya zo canji sai ya ga ba su kai ba. Shi ya sa muke roƙon 'yan ƙungiya, duk bashin da zai ƙetare iyaka a rubuta shi gaban shaidu, a faɗi wane kuɗi ne, a faɗi ranar biya. Wannan ba rashin yarda ba ne, tun a makarantar allo aka koya mana rubuta bashi.

Bayan kuɗi sai hanya. Ƙasar nan ba ta da teku. Kogi ba ya ɗaukar manyan jirage da rani, saboda haka kusan komai ta Duwala yake shigowa, ya bi Garwa-Bulai da Beloko, tafiyar kilomita sama da 1,400. Da 'yan tawaye suka datse hanyar nan a Disambar 2020, ɗaruruwan manyan motoci suka yi makonni a tsaye a iyaka, kaya suka yi wuta a Bangi. Mai gidan da kuɗinsa ya ƙare a kan mai da albasa da sabulu, nama ne farkon abin da yake ragewa. Irin haka aka gani a 1996, lokacin da sojoji suka yi bore saboda rashin albashi: ma'aikaci bai karɓa ba, mahauci bai sayar ba, falke na zaune yana jiran kuɗin shanun da aka riga aka cinye.

Abin da ya faru daga 2013 ba sai mun tsawaita ba, kowane gida a unguwar nan ya san nasa. Seleka ta kama Bangi a Maris, 'yan Anti-balaka suka shigo a Disamba, sojan Faransa suka sauka, na Majalisar Ɗinkin Duniya suka biyo a 2014, Rashawa a 2018. Makiyaya suka watse Kamaru da Cadi da abin da ya rage musu, Cadi ta rufe iyakarta a Mayun 2014, tiken PK13 ya mutu. Shanun da a da ake korowa da ƙafa suka koma shiga mota daga Bambari da Kaga-Bandoro, kowane shinge da kuɗinsa, duka kuma a kan sa ake ɗorawa. Masu saye a Bangi suna cewa fatake sun cika tsada, ba su san nawa aka zubar a hanya ba.

Akwai takardar fasfon dabbobi ta hukumar CEBEVIRHA mai mazauni a Njamena, wadda aka yi domin shanu su ratsa ƙasashen nan shida da shaida ɗaya. Ba ta hana mai shinge miƙo hannu, wannan kowa ya sani. Amma wanda ke riƙe da ita, da takardar allura, da rasit na duwan, yana da bakin magana idan aka tsare masa garke, kuma ƙungiya tana da abin da za ta ɗauka ta kai gaba. Duk mai niyyar fita da shanu bana ya kawo takardunsa ofishin ƙungiya a duba masa kafin ya loda.