Darasin Kiwon Lafiya: Kula da Hankalin Ɗan Wasan da Ya Ji Rauni

Idan kaka ta yi aka gama girbi, filayen dambe da kokawa sukan cika a Jega da Aliero da Maiyama. Samari kuma suna buga ƙwallo da yamma. A wajen waɗannan wasanni akan yi targaɗe ko gocewar ƙashi ko karaya. Aliero ta yi suna wajen ɗori, har daga wasu jihohi ake kawo masu karaya. To amma ɗorin ƙashi kaɗai bai wadatar ba. Hankalin majinyaci ma yana bukatar kulawa.

Karayar babban mutum takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe. Saurayin da ya saba jin kiɗa da kirari ga shi kwance a ɗaki, ba ya neman na kansa, abokai sun ɗauke ƙafa. Daga nan damuwa take kama shi.

Alamomin da za a lura da su:
1. Rashin barci da ƙin cin abinci.
2. Yawan fushi ko yin shiru.
3. Gudun mutane.
4. Shan taramol ko wiwi don ya manta.

Abin da ya kamata a yi:
1. Abokan wasa su riƙa zuwa dubiya, su ba shi labarin fili.
2. A saurare shi, kada a ce masa rago.
3. Kada a zuga shi ya koma wasa kafin likita ya yarda.
4. Idan alamomin suka wuce mako 2, a kai shi asibiti. Idan ya ambaci kashe kansa, a kai shi ranar nan, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, Jihar Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Rauni ba shi ne ƙarshen ɗan wasa ba. A 1996 aka yi wa Nwankwo Kanu aikin zuciya a Amurka. Ya yi jinya, ya koma fili, a 1999 kuma ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Mako nawa karaya take ɗauka kafin ta haɗe?
2. Kawo alamomin damuwa guda 3.
3. Yaushe ya kamata a kai majinyaci asibiti?