Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya: Darasi Kan Yadda Ake Auna Wariyar Launin Fata



'Yan'uwa mazauna ƙasashen waje, tambayar da wannan darasi zai duba ita ce: shin duniya tana auna wariyar launin fata da mudu ɗaya, ko kuwa akwai mudun wasu daban, na wasu daban? Tambaya ce da take yawan tasowa a zaurukanmu, kuma galibi da zafin rai ake amsa ta. Wanda aka taɓa wulaƙantawa ya ce lallai akwai, wanda bai taɓa gamuwa da abin ba ya ce ƙorafi ne kawai. Ina so mu bi ta a hankali, da hujjar da za mu iya ajiyewa a gaban kowa, domin 'ya'yanmu da ke tasowa a nan za su yi mana ita, kuma amsar da muka ba su ita ce mudun da za su riƙe.

Yadda ake gane mudu biyu

Ni injiniyan gine-gine ne, kuma a sana'armu akwai ƙa'idar da za ta taimaka a nan. Idan muna son sanin ko yawan ruwa ne ya raunana kankare, sai mu zuba samfuri biyu. Siminti ɗaya, yashi ɗaya, tsakuwa ɗaya, ruwa kaɗai muke bambantawa. Bayan kwana 28 mu sa su a injin matsa, mu ga wanda ya fara fashewa. Da mun canja abu biyu ko uku a lokaci guda, ba za mu san wanne ne ya jawo raunin ba.

Haka nan ake gwada hukuncin mutane. A ɗauki al'amura biyu masu kama da juna, a bar komai yadda yake, a canja launin mutumin ko asalinsa kaɗai. Idan hukunci ya canja, to akwai mudu biyu. Idan kuwa an samu wani dalili na gaske da ya raba al'amuran, wajibi ne a faɗe shi, ko da bai yi mana daɗi ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ke raba mai bincike da mai neman abin faɗa.

Gwaji na farko: 'yan gudun hijira

A shekarar 2001 Tarayyar Turai ta kafa wata doka ta ba da kariyar wucin gadi, bayan abin da ta gani a yaƙe-yaƙen tsohuwar Yugoslabiya. Dokar ta tanadi cewa idan mutane suka kwararo da yawa suna gudun yaƙi, a ba su izinin zama da aiki da karatu da magani nan take, ba sai kowa ya bi dogon layin neman mafaka ba. A 2015 sama da mutum miliyan 1 suka tsallaka teku zuwa Turai, da yawansu 'yan Siriya, amma ba a taɓa dokar ba. Abin da aka yi shi ne yarjejeniya da Turkiyya a watan Maris na 2016 domin a tare su a can. Rasha ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022, kuma ranar 4 ga Maris aka yi amfani da dokar karo na farko a tarihinta. Mutum sama da miliyan 4 suka amfana.

A Birtaniya ma haka. A watan Maris na 2022 gwamnati ta buɗe shirin da ke biyan magidanci fam 350 a wata idan ya sauki ɗan Yukren a gidansa. Wata guda bayan haka, a Afrilu, wannan gwamnatin ta sa hannu a yarjejeniyar kwashe masu neman mafaka da suka shigo ta ƙananan jiragen ruwa zuwa Ruwanda. Kotun Ƙoli ta ce shirin ya saɓa wa doka a Nuwamban 2023, sabuwar gwamnati kuma ta soke shi a Yulin 2024.

Yanzu mu cika sharaɗin da muka ɗora wa kanmu. Akwai dalilan da ba na launi ba. Yukren maƙwabciya ce, tana da iyaka da Polan da Hungari da Romaniya da Sulobakiya. Tun 2017 'yan ƙasar ke shiga Tarayyar Turai ba tare da biza ba. Akasarin waɗanda suka fito mata ne da yara, saboda an hana maza masu shekarun yaƙi barin ƙasar. Mai adalci ba zai share waɗannan ba. Kuma tarbar da aka yi wa 'yan Yukren abin yabo ce, ba wanda ke cewa a rage musu.

Sai dai yaƙin da kansa ya ba mu samfurin da muke nema. A cikin masu gudu akwai ɗalibai 'yan Afirka da ke karatu a jami'o'in Yukren, ciki har da 'yan Najeriya da Gana. Yaƙi ɗaya, sanyi ɗaya, iyaka ɗaya, launi kaɗai ya bambanta. Rahotanni suka yi ta fitowa cewa ana hana su shiga jiragen ƙasa da motoci, ana mayar da su ƙarshen layi. Ranar 28 ga Fabrairu shugaban Tarayyar Afirka na lokacin, Macky Sall, tare da shugaban hukumar zartarwarta na lokacin, Moussa Faki Mahamat, suka fitar da sanarwar nuna damuwa, suka ce irin wannan bambanci wariya ce kuma ya saɓa wa dokokin duniya. A kwanakin ne kuma firaministan Bulgariya na lokacin, Kiril Petkov, ya bayyana a fili cewa waɗannan 'yan gudun hijira Turawa ne masu ilimi, ba irin waɗanda aka saba gani ba. A nan ba sauran dalilin maƙwabtaka ko biza. Gwajin ya nuna mudu biyu.

Gwaji na biyu: dokar Ingila

Na biyun ya fi wuyar gani, domin a rubuce yake cikin doka. Dokar hana wariyar jinsi ta 1976 ta kare mutum daga bambanci saboda launi ko ƙabila ko asalin ƙasa, ba ta ambaci addini ba. A 1983 kotu mafi girma a ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani yaro mabiyin addinin Sikh da wata makaranta a Birmingham ta ƙi ɗauka saboda rawaninsa, ta ce mabiya Sikh ƙabila ce a idon doka. Yahudawa ma kotuna sun ba su wannan matsayi. Musulmi kuwa, da yake sun fito daga ƙabilu barkatai, ba su shiga ba. Sai a 2003 aka hana bambancin addini a wuraren aiki, sannan dokar daidaito ta 2010 ta haɗa duka a wuri guda.

Amma a fagen kalaman ƙiyayya giɓin yana nan. A dokar 1986, kalamin barazana ko zagi ko cin fuska da zai iya tayar da ƙiyayyar jinsi laifi ne, ko da ba a tabbatar da niyyar mai maganar ba. A dokar 2006 da ta shafi ƙiyayyar addini a Ingila da Wales, sai kalamin ya kai barazana, kuma sai an tabbatar da niyya. Masu dokar suna da hujjarsu: mutum ba ya zaɓar launinsa, addini kuwa aƙida ce da dole a bar mutane su yi muhawara a kanta. Hujja ce mai nauyi. Matsalar ita ce mai ƙin baƙi ya gane wannan ƙofa. Maimakon ya ce baƙar fata ko ɗan Asiya, sai ya ce Musulmi, alhali mutanen da yake nufi su ne dai waɗancan. Matar da aka fizge wa hijabi a tashar mota ba muhawarar aƙida aka yi da ita ba.

Shin kowane bambanci mudu biyu ne?

Wasu Turawa suna da nasu ƙorafin. Suna cewa baƙar fata zai yi wa fari ba'a a dandamali a yi dariya, amma in aka juya, aikin mutum ya tafi. A sana'armu mun san nauyi ɗaya ba ya yi wa ginshiƙai biyu illa iri ɗaya, idan ɗayan ya riga ya tsage. Kalmar da ke da tarihin bauta da mulkin mallaka a bayanta ta fi ciwo, kuma ba zalunci ba ne a yi la'akari da haka wajen auna girman ɓarna. Amma girman ɓarna daban, halaccin aiki daban. Raina mutum saboda halittarsa haramun ne ko wane ne shi, kuma dokar Birtaniya tana kare fari kamar yadda take kare baƙi. Idan muka yi shiru saboda wanda aka raina ba namu ba ne, mun ba mai wannan ƙorafi gaskiya.

Gwaji na uku: mudunmu

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Lokacin da ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, 2020, mun yi magana da babbar murya, kuma ya dace. To mu canja abu ɗaya, mu sa mai laifin ya zama Musulmi. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya, ana sayar da mutum a kan kimanin dala 400. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya, Kais Saied, ya zargi baƙin haure daga kudu da Sahara da zama wani shiri na canja fasalin al'ummar ƙasar, aka bi baƙaƙen fata da duka da kora daga gidajen haya, har ƙasashe irin su Gini da Kodebuwa da Mali suka kwashe mutanensu da jirage. Kowa ya tambayi kansa, huɗuba nawa ya ji a kan waɗannan? 'Yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen Larabawa sun san kalmar da ake jifan baƙar fata da ita a titi, wadda ma'anarta bawa, kuma sau da yawa mukan ce a rufa asiri don kada a ɓata sunan Musulmi.

Mu ƙara matsowa gida. Nijar ba ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa ba sai a 2003. A Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta samu gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Har yau akwai gidajen da ake binciken ko kakan mai neman aure bawa ne, a hana shi 'ya, ko da ya haddace Alƙur'ani. Akwai sunayen raini da muke kiran wasu ƙabilu da su ba tare da jin komai ba. Akwai yadda ake yabon amarya da cewa fara ce, har 'yan matanmu suka koma ga man bilicin. Uban da ya yi fushi don an ƙi ɗansa a wurin aiki saboda sunansa, sannan ya ƙi surukin da ya zo masa saboda asalinsa, da mudu biyu yake awo.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Farkon Suratul Muɗaffifina gargaɗi ne mai tsanani ga waɗanda ke cika mudu idan su za a auna wa, su tauye idan su ne masu aunawa. Ya kuma tabbata a Sahihul Bukhari cewa Abu Zarri, Allah Ya ƙara masa yarda, ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsawata masa, ya nuna masa cewa wannan ragowar jahiliyya ce. Girman sahabin bai sa an sassauta masa mudu ba.

Abin da ya kamata mu riƙe

Na farko, idan aka yi maka wariya, ka rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa da waɗanda suka shaida, ka kuma nemi misalin wanda aka yi wa daban a irin halinka. Wannan kwatancin shi ne abin da ofishin ƙorafi da kotu suke dubawa. A Birtaniya wa'adin kai ƙarar bambanci a wurin aiki gajere ne, don haka kada a yi jinkirin neman shawarar lauya ko ƙungiyar ƙwadago.

Na biyu, mu guji kiran kowace rashin nasara wariya kafin mu yi gwajin, domin yawan kuka ba hujja yana sa a daina sauraron mai gaskiya.

Na uku, ƙungiyoyinmu da masallatanmu su yi magana a kan zaluncin da Musulmi ya yi wa baƙar fata da irin muryar da suke yi idan Bature ne ya yi. Kuma a teburin cin abinci, inda yara ke saurare, mu kula da yadda muke ambaton Bayahude da Ba'indiye da Bature da maƙwabcinmu na wata ƙabila.

Amsar tambayarmu dai ita ce e, akwai mudu biyu, a iyakokin Turai da cikin dokokinta, akwai shi kuma a gidajenmu. Wanda ya fi ƙarfin hannunmu mu nema da hujja da haƙuri, wanda ke hannunmu kuwa ba mu da uzurin barinsa. Allah Ya ba mu ikon yin adalci ga na kusa da na nesa, Ya kare zuriyarmu daga zalunta da kuma zama azzalumai. Amin.