Tsohuwar Mota: A Duba Shasi Kafin a Ƙirga Kuɗi

Ƴaƴana samarin Damargu, na Tanut da na Balbeji, tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, ga kuma masu zuwa ci-rani Libiya da Aljeriya, da yawanku kun dawo gida da ɗan abin hannu. Wani bai je ko'ina ba, bisashensa ya sayar, ko hatsin da ya noma a shekarar albarka. In kuɗi sun taru, abin da ke fara zuwa ran saurayi shi ne mota, wadda zai riƙa bin kasuwanni da ita, yau Bakin Birji, gobe Gangara, jibi Balbeji. Niyya ce mai kyau, kuma ina yi muku fatan alheri. Sai dai sabuwar mota ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, tsohuwa ake saya. Ita kuwa tsohuwar mota tana da tarihi, kuma ba kowane mai sayarwa ne ke son a san tarihin nan ba. Shi ya sa nake so mu yi magana tun kuɗin suna hannunku.

Tsofaffin motocin ƙasar nan kun san su. Akwai Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta yi zamani tana ratsa rairayin da wata mota ba ta shiga. Akwai fijo 404 da 504. Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa tuƙo fijo daga ƙasarsu, su keto Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro da ita kudu. Sannan ga Toyota Land Cruiser, mai lamba 40 da aka yi daga 1960 zuwa 1984, da mai lamba 70 da ta gaje ta. Motar da ta kai waɗannan shekaru ta shiga hannu da yawa. Wata an canza mata inji, wata an ɗora gangar jikinta a kan shasin wata, wata kuma takardun da ake yawo da su tare da ita na wata mota ce da ta daɗe da mutuwa a bayan gareji.

Ku ƴaƴan makiyaya ne da manoma, don haka abin da zan faɗa ba baƙo ba ne gare ku. Wanda ya je sayen raƙumi a kasuwar Balbeji ba ya tsayawa kallon kyan sirdi. Yana buɗe baki ya dubi haƙora don ya san shekaru, ya dubi shaidar wuta da ke jikinsa don ya san garken da ya fito, ya kuma nemi dillalin da ya san mai shi. Haka ake yi wa mota, kuma shaidarta ita ce lambar shasi.

Ranar da za ku je dubawa ku riƙe tsumma, da ɗan fetur a kwalba, da tocila, da fensir, da farar takarda. A Land Cruiser an buga lambar a jikin ƙarfen shasi, gefen dama ta gaba, kusa da taya. A juya sitiyari taya ta kauce, sannan a durƙusa. A tsohuwar Land Rover ma tana gaba ta dama, a kan ƙarfen da sifirin ke rataye. A jiƙa tsumma a goge laka da baƙin mai har farin ƙarfe ya fito, sannan a shafa da yatsa a hankali. Bugun kamfani haruffansa a jere suke, girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya. In wurin ya fi kewayensa santsi, ko ya ɗan lotsa, to an gurje tsohuwar lamba an buga wata. In akwai layin walda da ya zagaye lambar, an yanko ta ne daga wani shasi aka liƙa. Ku zura tocila ku leƙa bayan ƙarfen, domin ana iya shafe walda ta gaba, amma ba kasafai ake wahalar gyara baya ba. Sabon fenti a daidai wurin lambar, alhali sauran shasin duk ƙura ce, shi ma abin tambaya ne. Daga nan a ɗora takarda a goga fensir har lambar ta fito, a kwatanta ta da wadda ke kan ɗan farantin da kamfani ya kafa a jikin motar, da wadda ke cikin kart giriz, wato takardar rajistar motar, harafi bayan harafi. Dole ukun nan su zama ɗaya. In harafi guda ya saɓa, kada ku yarda da cewa kuskuren magatakarda ne za a gyara bayan ciniki. A gyara tukuna, sannan a yi ciniki.

Lambar kanta tana magana ga wanda ya iya karanta ta. Tun 1981 yawancin kamfanoni ke bin tsarin lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda babu I, babu O, babu Q a cikinta. Fijo ƴar Faransa tana farawa da VF3, Land Rover da SAL, Toyota ƴar Japan da JT. Motocin da suka girmi wannan shekara, da wasu Land Cruiser da aka yi don kasuwannin Afirka, lambarsu ta fi gajarta, kuma wannan ba aibi ba ne. A Land Cruiser harafin farko na sunan samfurin yana faɗin irin injin da aka haife ta da shi: F na fetur ne, B na gazuwal mai silinda 4, H na gazuwal mai silinda 6. In faranti ya ce FJ45, kuka buɗe kuka tarar da injin gazuwal, kun san an canza. Canza inji ba laifi ba ne, wani lokacin ma gyara ne mai amfani, amma a faɗa, a sa shi cikin lissafin farashi, a kuma san daga ina injin ya fito.

Jikin mota ma yana tona shekarunta. Land Cruiser HZJ75, mai injin 1HZ da ya fito a 1990, sifirin ɗinta na gaba na falle-falle ne, kuma noti 6 ke riƙe tayarta. Daga 1999 aka koma samfurin 78 da 79, masu naɗaɗɗen sifirin a gaba da noti 5. Wanda ya nuna muku mai noti 6 da falle-falle a gaba ya ce ƴar 2005 ce, ko dai bai san motarsa ba, ko yana fatan ku ne ba ku sani ba. Tsohuwar Land Rover mai fitilu a tsakiya, kusa da juna, ta girmi 1970. Wadda ta fito daga 1971 zuwa 1985 ragar gabanta ta roba ce, agogunanta kuma suna gaban direba. Agogon kilomita kuwa kada ku dogara da shi. Na tsofaffin motoci da yawa alƙaluma 5 gare shi, in ya cika 99,999 sai ya koma sifili, kuma ana iya mayar da shi baya da hannu. Ku dubi yadda robar birki da ta kuloci suka cinye, da yadda sitiyari ya yi sulɓi, da yadda kujerar direba ta lotsa. Waɗannan sun fi agogo gaskiya.

Ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a nan ba ta cika tsatsa ba. In kun ga tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi da ƙarƙashin tabarmar ƙafa, to motar ta zauna a bakin teku kamar Kwatano, ko a Turai inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, ko da mai ita ya ce ba ta taɓa barin Damagaram ba. Ciwon motocinmu daban ne: lodi da ƙura. Buhunan hatsi a ƙasa, mutane a sama, awaki a gefe, shekara da shekaru a kan hanya mai gargada, wannan yana tsaga shasi a bayan gidan direba da wurin da sifirin ke kamawa. Ku shiga ƙarƙashi ku bi shasin tun daga gaba har baya kuna neman faci. A Toyota da fijo ku bi jiki da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, an cike lotsawa an shafe da fenti. A Land Rover wannan dabara ba ta aiki, domin yawancin jikinta na alminiyon ne. Shi ya sa takan yi kyan gani daga waje alhali shasinta, da bangon ƙarfen da ya raba inji da direba, sun ruɓe.

Inji kuwa da sassafe ake gwada shi, bayan ya kwana bai yi aiki ba. Ku riga mai motar zuwa, ku ɗora hannu a kan injin ku ji da sanyinsa. Injin da aka ɗumama kafin ku iso yana ɓoye ciwonsa. Ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi. Shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ya ƙi yankewa bayan inji ya yi zafi na iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu fari-fari ya manne a ciki, ruwa ya haɗu da mai, in kuma huci na bugowa da ƙarfi ta bakin, injin ya gaji. Bayan haka a hau, a bar kwalta a shiga rairayi, a sa giyar da ke jan ƙafa huɗu a ji ko tana shiga, ko tana fita da kanta.

Takardu su ne inda samari suka fi yin sakaci, kuma nan ne asara ta fi zafi. Motoci sun riƙa shigowa ta Gaya daga Kwatano, ta Nijeriya, ta Libiya da Aljeriya, kuma ba duka ne suka bi ta hannun duwan, wato kwastan, ba. Wasu ma na sata ne, kuma ƴan sandan duniya na Interpol suna da rajistar motocin da aka sace. Na ga saurayin da ya zuba duk abin da ya tara a wata a-kori-kura mai sheƙi, bai yi wata da ita ba aka tsayar da shi a shinge, lambar shasi ta saɓa da takarda. Mota ta tafi, wanda ya sayar masa kuma an neme shi an rasa. Ku nemi kart giriz ta asali, ba hotonta ba, da takardar duwan. Sunan da ke kan takarda ya zama na mai sayarwa, ku gan shi da katin shaidarsa, in kuma wakili ne ya kawo takardar wakilci. Motar gado ce? Sai duk magada sun yarda. Ku tambaya ko an jinginar da ita kan bashi. Daga Tanut zuwa Damagaram tafiyar kilomita 140 ce da ɗoriya. Kuɗin motar zuwa ofishin sufuri na jiha don a duba muku lambar bai kai komai ba in aka auna shi da miliyoyin da za ku bayar. Kada a yi cinikin biri a sama, a ce mota tana Agadas, ga hotonta a waya, a aiko da kafin alƙalami.

Sai maganar daraja, wadda iri biyu ce, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Mai neman motar aiki lissafinsa shi ne kuɗin saye, a haɗa da kuɗin gyaran da makanike ya ƙiyasta, da tayoyi, da takardu, sannan a tambaya ko ana samun kayan gyaranta a Damagaram ko Maraɗi, ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Motar da za ta kwana wata guda tana jiran ƙaramin ƙarfe ba ta ciyar da gida, komai arharta.

Ɗaya darajar kuwa ta masu tara tsofaffin motoci ce. A Faransa motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi, a Amurka kuma wadda ta kai shekara 25 tana samun sauƙin shiga. Shi ya sa ake neman tsofaffin Land Rover da Land Cruiser 40, musamman na ƙasashen da ba tsatsa. Su waɗannan mutane asali suke saye: shasin da aka haife ta da shi, injinta na farko, da takardu masu bin juna. A Gaydon da ke Ingila akwai gidan tarihin motoci da ke riƙe da rajistar masana'anta, yana kuma ba da shaidar lokacin da aka ƙera Land Rover in an aika da lambar shasinta. Don haka kada wani ya nuna muku farashin Turai a waya ya ce ku saya za ku ninka. Wannan farashi na motar da aka gyara ne tun daga noti, mai cikakken tarihi. A gefe guda kuma, wanda mahaifinsa ya bar masa tsohuwar Land Rover a gindin bishiya, kada ya yi saurin ba masu sayen tsohon ƙarfe ita a kan kilo. Ya adana takardunta, kada ya ɓalle farantin lambarta, ya tambayi masana tukuna.

Duk wannan dubawa kada ku yi ta ku kaɗai. Ku tafi da makaniken da ku kuka zaɓa kuka biya, ba wanda mai motar ya kawo ba. Dillali yana da amfani, amma ku tuna la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, don haka in ya ce akwai wani mai saye yana hanya, ku ce Allah ya ba shi sa'a. Sauri ya haifi nawa. In an daidaita, a rubuta takardar sayarwa da cikakkiyar lambar shasi, a sa shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi, a kuma mayar da kart giriz sunanku ba da jinkiri ba. Addininmu ya yi umarni da kafa shaidu a ciniki, kuma babu rashin kunya a ciki ko da da ɗan'uwa ake yi.

Wata rana ku ne za ku zama masu sayarwa. A ranar ku faɗi aibin motarku da bakinku: an yi wa shasi walda a nan, injin ba nata ba ne, tana shan mai. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibi ha'inci ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Damargu ba ta da faɗin da mutum zai ɓace a cikinta, wanda kuka cuta yau za ku haɗu da shi a kasuwa ko a jana'iza. Ku sayi mota da idonku a buɗe, ku sayar da ita da gaskiya. Allah ya sa guminku ya yi albarka, ya tsare ku a hanya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.