Yadda Darakta Yake Horar da Sabon Malami a Makarantun Tabla

Idan watan Oktoba ya kama, motocin da ke bin hanyar Yamai zuwa Filinge sukan sauke samari da 'yan mata a Tabla, gaba kaɗan da Balleyara, kowa da jakarsa da takardar da ta turo shi wata makarantar ƙauye a cikin Dallol Bosso. Galibinsu malaman kwantaragi ne, irin waɗanda Nijar ta fara ɗauka tun ƙarshen shekarun 1990 don makarantu su kai karkara. Wasu sun bi ta makarantar horon malamai ta Tillaberi ko ta Doso, wasu kuwa horon da suka samu bai taka kara ya karya ba. Sufeto yana nesa, mai ba da shawara kan koyarwa yana da makarantu masu yawa a wuyansa da babur guda. Wanda yake ganin sabon malami kullum safiya shi ne darakta, don haka gyaransa a hannun darakta yake.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi sama da 50,000 jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a cikin yaran Nijar masu gama firamare, waɗanda ke karatu yadda ya kamata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Jarrabawa ta nuna ciwon, amma magani a cikin aji ake ba da shi.

Darakta mai hankali ba ya fara aikin da alli. Yakan fara nema wa baƙo ɗaki, ya san inda zai ci tuwon dare, ya kai shi ya gai da maigari da liman da shugaban kwamitin kula da makaranta, wato CGDES. Sai ya tambaye shi harshen da yake ji. A wannan yanki aji guda kan haɗa ɗan Zabarmawa da ɗan Kurfayawa da ɗan Buzaye da ɗan Fulani, ga littafi da Faransanci. Malamin da ya zo daga Maraɗi ba ya jin Zabarmanci sai a nuna masa yara biyu ko uku masu harshe biyu, waɗanda za su riƙa taya shi isar da magana a makonnin farko.

Daga nan sai takardar shirin darasi. Ƙa'ida ce malami ya kawo ta da safe darakta ya sa hannu, kuma a makarantu da yawa sa hannun ne kaɗai ake yi. Wannan asara ce babba. Minti biyar sun isa darakta ya karanta ta, ya yi tambaya guda: idan an tashi daga wannan darasi, me yaro zai iya yi wanda bai iya ba jiya? Malamin da ya amsa da cewa yara za su fahimci ragi, bai shirya ba tukuna. Wanda ya ce yaro zai iya cire 8 daga 23 a kan allonsa ba tare da an taimake shi ba, ya san inda ya dosa.

Shiga aji shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne daraktoci da yawa ke ɓata shi. Ba a yi wa sabon malami kwanton ɓauna. A gaya masa tun jiya: gobe da hantsi zan shigo darasin lissafi, abin da zan duba shi ne yara nawa ke aiki da hannunsu. Yawancin daraktocin ƙauye suna riƙe da aji nasu, sau da yawa CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, don haka sai ya ba nasa yaran aikin yi, ya bar babbansu ya kula da su. Ya shiga kafin a fara, ya zauna can baya inda rana ke ratsa zana, kusa da yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba. Daga nan ake ganin gaskiyar aji. Rubutun allo yana karantuwa daga layin ƙarshe? 'Yan mata nawa aka kira da suna? Wancan yaron da ya juya allonsa ƙasa, bai da alli ne ko bai gane ba? Darakta ya rubuta abin da idonsa ya gani da lokacin da ya faru, ya bar hukunci sai daga baya. Ko malami ya yi kuskure a allo, kada a katse shi a gaban yara. Malamin da aka kunyata gaban ajinsa zai yi wata guda yana neman mutuncinsa, karatu kuwa ya tsaya.

Zaman gyara a ranar ake yinsa, bayan yara sun watse, su biyu kawai a inuwar dogon yaro. Darakta ya bar malami ya fara magana.

"Malam, yaya ka ga darasin?"

"Ranka ya daɗe, na ga kamar sun gane. Da na tambaya duk sun ce e."

"Na ji daɗin yadda ka kawo tsakuwa aka ƙirga, ka riƙe wannan. Amma na ƙirga waɗanda suka ba ka amsa, yara shida ne, duk a layin gaba. Sauran fa, ta yaya za mu san sun gane?"

A nan darakta ya yi shiru, ya bar shi ya yi tunani. Amsar da malami ya samo da kansa ta fi zama a kansa. Kuma ko takardar darakta ta cika da kurakurai goma, guda ɗaya zai ɗauko, wanda ya fi cutar da yara. Na ga masu kishin aiki da ke zazzage wa sabon malami komai a zama ɗaya, daga rubutunsa har muryarsa har shararsa, ya tashi jiki a sanyaye bai san ta inda zai fara ba. Da sannu ake cin tuwo mai zafi.

Bayan magana sai nuni. Washegari darakta ya karɓi ajin na minti goma, malami ya koma baya ya zauna. Dabarar da ta fi dacewa da aji mai yara da yawa ita ce ta ƙananan alluna, wadda littattafan horon malamai ke kira tsarin La Martinière. Darakta ya faɗi tambaya sau biyu, yara na saurare, alli a ƙasa. Ya buga tebur, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. A kallo ɗaya ya ga wanda ya rubuta 15, da wanda ya rubuta 25 don ya manta da aro, da wanda allonsa babu komai a kai. Sai ya kira ɗaya daga masu 25 ya zo allo su gyara tare, ba tsawa ba bulala. Daga nan ya miƙa wa malami alli ya yi tambaya ta gaba, shi yana kallo. Karon farko ba zai yi kyau ba, wasu yara za su ɗaga allo kafin lokaci, wasu su leƙa na maƙwabci. Ba komai, a maimaita.

Kafin su rabu su ajiye rana, kada ta wuce mako guda, su rubuta a littafi abu ɗayan da aka yi alkawarin gyarawa. Komawar nan ita ce daraktoci suka fi sakaci da ita, alhali lokaci gajere ne. Yara da yawa ba sa zuwa aji sai an gama girbin hatsi da roron wake, kuma da damina ta matso iyaye sun fara janye su zuwa gona. Idan an koma an tarar abin ya gyaru, a faɗa masa a fili, har gaban sauran malamai, sannan a ɗauko gyara na biyu.

Abin da ya gagari makaranta guda sai a kai shi taron CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa, ɗaya ya gabatar da darasi sauran su tattauna. Darakta ya tura sabon malaminsa da tambaya a hannu, idan ya dawo ya nuna wa 'yan uwansa abin da ya samo.

Akwai kuma rauni da ba na koyarwa ba. Malami na iya yin fashi don kuɗinsa sun yi jinkiri, ko don ya tafi karɓarsu ya rasa motar dawowa, ko don tsoro, a jihar da rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu. Wannan sai darakta ya zauna da CGDES a ga abin da gari zai iya: hatsi, ɗaki mai ƙofa, ko wanda zai kai shi bakin titi a babur. Wanda kuwa aka nuna masa, aka koma, aka taimaka, amma ya ci gaba da barin yara su kaɗai ko yi musu duka, darakta ya gaya masa baki da baki cewa zai rubuta wa sufeto, ya karanta masa abin da ya rubuta da ranakun da abin ya faru, sannan ya aika.