Yadda ake yini da babbar kyamara a Birnin Gwari

Idan masu hoto suka ce kyamara ful-firem ce, abu guda suke nufi, wanda ba a ganinsa daga waje: sensa, ɗan allon da haske yake sauka a kansa bayan ya ratsa gilashi. Tsawonsa milimita 36 ne, faɗinsa 24, daidai girman gida ɗaya na fim ɗin da masu situdiyo suke wankewa a da. Na kyamarorin da suka fi yawa a hannun masu hoton biki, waɗanda ake kira APS-C, bai kai rabin wannan fili ba. Wanda ya tara daro a ruwan sama da wanda ya tara kwano ba za su tashi da ruwa ɗaya ba, haka abin yake da haske. Canon ya fitar da ful-firem ɗinsa EOS-1Ds a 2002, ya biyo da 5D a 2005 wadda ta sauko da kuɗin, Nikon ya shigo da D3 a 2007, sai Sony ya cire madubin ciki gaba ɗaya a A7 ta 2013. Duk alherin wannan kyamara daga girman allon nan ya fito, haka ma yawancin wahalarta.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa jaka. Ka zauna ka tambayi kanka me za ka ɗauko. In mutane ne, cikin zaure, ko hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Birnin Gwari, ko kasuwa da sassafe, ɗauko babbar. In tsuntsu ne a kan doka, dakata tukuna, za mu zo kansa.

Sai neman izini, kuma a wannan ƙasa ba abin wasa ba ne. Dajin Kamuku da ke wannan yanki gandun hukuma ne tun 1936, lokacin En'e. Daga baya ya koma gandun namun daji na jiha, ya zama na tarayya a 1999, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, kuma ta arewa maso yamma yana kusa da dajin Kuyambana na Zamfara. Kowa ya san shekarun da 'yan bindiga suka yi a cikin dazuzzukan nan. Sulhun da aka yi da su a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, hanyar Kaduna ta yi sauƙi, amma wannan bai mai da daji wurin yawon baƙo ba. Ka je wurin ma'aikatan gandun. In sun ce kar a shiga, magana ta ƙare, ka tsaya a gonakin gefen gari da bakin rafi, nan ma akwai abin ɗauka. Ka sani kuma dogon gilashi baƙi a kafaɗa, daga nesa, kama yake da abin da ba a so a gani a kafaɗar mutum. A shingen jami'an tsaro ya zauna cikin jaka. Wannan aibin babbar kyamara ne da kwalinta ba ya faɗa: ba ta ɓoyuwa. Mai waya yana ɗaukar hoto ba wanda ya kula, kai kuwa da ka ɗaga taka rabin kasuwa ya juyo.

Daren tafiya na batir ne da ƙura. Tun da wuta ba ta da alƙawari, ka cika batura a wurin mai sola ko janareta tun da rana. Mai madubi irin Nikon D850 tana yin hoto sama da 1,800 da caji ɗaya, marar madubi irin Sony A7 III kuwa wajen 700, don haka mai ita ya riƙe batir uku. Ka sa kati biyu, ka saita ta rubuta kowane hoto a duka biyun. Yawancin kyamarorin ƙwararru suna da gidan kati biyu, kuma ranar da kati ya lalace bayan ɗaurin aure za ka san darajarsu. Daga nan ka gwada sensa: matse ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauki farin bango, ka buɗa hoton. Duk ɗigon da ka gani ƙura ce. Kifa kyamarar, ka hura mata iska da 'yar famfon roba. Ban da baki, ban da gefen riga. Lokacin hunturu ƙura tana shiga duk inda iska ta shiga, allo mai faɗi kuwa ya fi tara ta, musamman a marar madubi, wadda da an cire gilashi sensa ke nan a tsirara. Shi ya sa nake ganin gara mutum ya ɗaura gilashi ɗaya tun a ɗaki ya yini da shi, da ya riƙa sauyawa a bakin hanya babura suna tada ƙasa.

Ana idar da sallar asuba ka fita, domin a nan kuɗinka suke. Tsakanin fitowar alfijir da ɓullowar rana, lokacin da waya ba ta ba ka komai sai duhu mai tsakuwa-tsakuwa, babbar kyamara tana gani. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8, ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, zuwa 3200, ko 6400 in ta kama, ka bar shota a 1/250 don masu tafiya. Manomi da fartanya a kafaɗa, hayaƙin mai kunu, shanu suna fita daga ruga ƙura tana bin ƙafafunsu: duk za su fito da launinsu, fuska ba ta dagule ba. A ƙaramin sensa wannan ISO ɗin yakan fara cinye laushin fata. Kuma ba ka bukatar filashi, wanda ke kashe hasken safiya ya firgita dabba, ya sa tsoho ya ɗaure fuska. A gilashi mai faɗi ma tana da riba. Milimita 24 a kanta 24 ne cif, ba a rage masa komai, don haka dutse irin Goron Dutse, ko ruwan da ke zubowa a Dogon Ruwa da damina, zai shiga hoto ɗaya da sararin samansa.

Da hantsi sai labari ya juya. An lissafa tsuntsaye sama da iri 170 a Kamuku, da burtu da tuje a cikinsu, ga gwanki da kanki da mazo da gwaggon biri. Dabbar da ta sha harbi ba ta tsayawa a matso ta. Gilashin milimita 400 a kan APS-C yana yanko fili kamar na 600, a kan ful-firem kuwa burtu zai fito ɗan tsurut a tsakiyar ciyawa. Mafita biyu ce, kowace da kuɗinta. Ko ka sayi gilashin 600, mai tsada da nauyin da sai da ƙafa uku, ko ka yanke hoton daga baya. Yankan yana kyau in kyamarar mai megafiksel 45 ce kamar D850, domin za a bar ka da wajen 19. In mai 24 ce, abin da zai rage wajen 10 ne kawai. Wanda tsuntsu ne sana'arsa, ni dai ba zan ba shi shawarar ya sayar da ƙaramarsa ba. Nauyin ma abin dubawa ne: jikin D850 kilo guda, gilashin 70-200 na f/2.8 wajen kilo ɗaya da rabi, ga ruwan sha, ga rana. Bayan tafiyar awa uku cikin ƙirya da ɓaure hannu yakan soma rawa, hoton da hannu ya yi rawa a kansa kuwa girman sensa ba ya ceto shi. Ga mai tashi sama ka kai shota 1/2000. In hazo ya sauka, ko zafi ya sa iska tana ɓari a nesa, rufe gilashin ka nemi inuwa, babu kyamarar da ke maganin wannan.

Tsakar rana ta mutanen gari ce, kuma a nan akwai wata matsala tamu ta kanmu: farar shadda da rawani cikin rana, baƙar fuska a ƙarƙashinsu. Ma'aunin kyamara yakan ruɗe da farin, ya rage haske, fuskar ta nutse. In ka ƙara don fuska, aikin babbar rigar ya ƙone ya zama fari fat, mai ita kuma don aikin ya biya maɗinki. Abin yi shi ne ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka auna haske a kan rigar yadda zaren aska takwas zai fito, ka bar fuskar ta ɗan yi duhu, daga baya ka ɗago ta a kwamfuta. Babban sensa yana jure wannan ɗagowa fiye da ƙarami, shi ne dalilin da ya sa masu hoton sarauta suke sonsa. Ga dawaki a guje, shota kar ta gaza 1/1000.

Sai ka yi hattara da abin da matasa suka fi ƙauna, wato baya ya narke. Gilashin 85 a f/1.8, mutum yana mita biyu daga gare ka, abin da zai fito tar bai wuce santimita shida ba. Ido ya fito, kunne ya ɓace. Ga amarya ita kaɗai abin ya yi. Ga dattawa sahu uku a ƙofar gida kuwa, na gaba ne kawai za su gane kansu, na baya su ce an raina su. Ka matse zuwa f/8, ka ɗan ja baya.

Da magariba, kafin ka cire gilashi, goge jikin kyamarar da tsumma mai laushi. Kowane RAW na mai megafiksel 45 yana cin wajen megabait 50, katin gigabait 64 bai fi hoto 1,200 ba, tsohuwar kwamfuta kuma sai ta yi ta nishi kafin ta buɗe ɗaya. Kwafe su wuri biyu kafin ka share kati. Da damina ka jefa ƙullin sinadarin nan mai shan laima, irin na kwalin takalmi, cikin jaka, domin fumfuna in ta kama cikin gilashi gyaranta sai Kaduna ko Kano, wani lokaci ma ba ya gyaruwa. Wajen tura wa mai aiki kuma, kar ka jefa hoton a WhatsApp haka kawai, zai matse shi har ya zama ba shi da bambanci da na waya. Tura shi a matsayin fayil, ko ka kai a wanke maka shi babba a takarda.