Ka sayi gida a gwanjon haraji a Amurka? Fara neman magadan mamacin

Wani ɗan'uwanmu direban tasi ya shigo ofishina a Fulorida da fayil a hammata, fuskarsa ba walwala. Ya sayi gida a gwanjon gunduma, ya sake rufi, ya yi fenti, har ya samu mai saye. Sai kamfanin inshorar mallaka ya ce ba zai tsaya wa cinikin ba, bankin mai sayen ma ya janye. Ya ce mini: “Barista, ga takarda da hatimin gwamnati, to me kuma ya rage?”

Na buɗe fayil ɗin. A shafi na huɗu akwai hoton ambulan da magatakardan kotu ya aika wa mai gidan, ta dawo ba a karɓa ba. Ban ɗauki awa guda ba na gano dalili: tsohuwar da sunanta ke kan gidan ta rasu shekaru kafin gwanjon. Wasiƙa aka yi ta aika wa wadda ke kabari.

Ga yadda abin yake a wannan jiha. Harajin gida da ba a biya ba ya zama bashin da ya wuce wa'adi ranar 1 ga Afrilu. Gunduma sai ta yi gwanjon bashin, a fara daga ruwa kashi 18 cikin ɗari ana saukowa, wanda ya yarda da mafi ƙaranci ya ɗauki satifiket. Satifiket ɗin nan bashi ne kawai, bai ba ka ko ƙofar gidan ba. Sai bayan shekara 2 mai shi zai iya neman a sa gidan kansa a gwanjo, in kuma ya zauna har shekara 7 bai motsa ba, satifiket ya mutu. Takardar da ake ba wanda ya ci gwanjo na biyun ita ce ɗan'uwan nan ya riƙe.

Matsalar ita ce mutuwa ba ta barin gida ba mai shi. A dokar Fulorida, da mutum ya cika ba wasiyya, haƙƙin dukiyarsa ya koma kan magada nan take, ko an je kotun gado ko ba a je ba. Kotun Ƙolin Amurka kuwa ba ta wasa da sanarwa. A shari'ar Jones da Flowers ta 2006, wadda ta taso daga Akansas, ta ce in wasiƙar rajista ta dawo ba a karɓa ba, dole hukuma ta ƙara wani ƙoƙari mai ma'ana kafin ta sayar da gidan mutum. Wannan ambulan da ta dawo ita ce kamfanin inshora ya gani ya tsorata, domin gobe jikan tsohuwar zai iya zuwa kotu ya ce ba a sanar da su ba.

Maganin shi ne ƙarar wanke mallaka: ka kai duk mai iya cewa yana da haƙƙi gaban alƙali, a yanke sau ɗaya. Rubuta ƙarar ba wuya. Neman mutanen ne aikin. Mun samo takardar shaidar mutuwa, muka duba rajistar kotun gado, muka ga ba a taɓa buɗe fayil ba. Sanarwar rasuwa da ɗakin jana'iza ya buga ce ta ba mu sunayen 'ya'ya uku. Ɗaya daga ciki shi ma ya rasu ya bar yara, rabonsa ya sauka kansu, saboda haka su ma sai an kai musu sammaci hannu da hannu. Waɗanda aka nema aka rasa, sai ka rantse a rubuce kan irin binciken da ka yi, a buga sanarwa a jarida sau ɗaya a mako har mako 4, kotu kuma ta naɗa lauyan da zai tsaya wa magadan da ba a sani ba. Ina roƙonku kada ku yi ha'inci a wannan rantsuwa. In aka gano magaji yana gari ɗaya da kai ba ka neme shi ba, hukuncin zai iya rushewa, kuɗin rufinka ya bi ruwa.

Ku duba bashin hukuma ma. Tarar da birni ya ɗora wa gida tana iya tsallake gwanjo ta biyo ka, hukumar haraji ta tarayya kuma, in tana bin mamacin, tana da kwana 120 ta fanshi gidan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayar da na yi da babbar 'yar tsohuwar. Ba ta san an sayar da gidan da ta girma a ciki ba. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko bishiyar lemun bayan gida tana nan. Na gaya mata cewa kuɗin gwanjon ya haura bashin, rarar tana hannun magatakardan kotu, su je su nema kafin wa'adi ya wuce. Haƙƙinsu ne; a 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Geraldine Tyler, 'yar shekara 94 a Minesota, wadda gunduma ta sayar da gidanta dala 40,000 kan bashin kusan 15,000 ta riƙe sauran.

Magadan ba su ja da ƙarar ba. Bayan 'yan watanni alƙali ya sa hannu, muka yi rajistar hukuncin, kamfanin inshora ya amince, ɗan'uwanmu ya sayar da gidan ga wani mai saye daban.